Teku a Bayan Shagona

Bango ɗaya ne tsakanina da Tsahiru,
shi ma rabi bulo, rabi kwano.
Ni da keken ɗinki, shi da piyanon lantarki
mai karyayyen haƙori da aka ɗaure da salatif.
Kontarmu ɗaya. Duk ƙarshen wata sai mun yi musu
kan wa ya fi shan kuran.

Shekara tara yana kiɗan suna da biki,
daga Bagalam har Tibiri.
Waƙarsa guda ta taɓa cin kasuwa,
'yan kabu-kabu suka yi ta sa ta har ta gundure su.
Sai ga saƙo daga Italiya, tsakiyar damina:
wata mai shirya fim, Otabiya,
ta ji shi, oho a ina,
tana son kiɗan minti arba'in.
Amma ban da murya, in ji ta.
Ya leƙo shagona yana dariya mai kama da tari:
"Nomau, sun sayi zakara
sun ce kada ya yi cara."

Ta turo hotunan babu sauti.
Wani tsoho mai gyaran agogo,
gari a bakin teku, tituna a tsuke kamar hannun riga.
Yana dafa kofi biyu kullum, yana shan ɗaya.
Ba mu ji yarensu ba, amma mun gane.

Tsahiru bai taɓa ganin teku ba.
Babban ruwan da ya sani Madarunfa ne,
sai Gulbi in ya ƙoshi a watan Agusta.
Can ya tafi da asuba,
ya dawo da laka har gwiwa, bai ce mini komai ba.
Ya danna haƙori ɗaya mai kauri, ya riƙe,
ya murɗa wani maɓalli a hankali.
Sautin ya kumbura kamar ƙullun waina,
ya sace,
ya sake kumbura.
Almakashina ya yi rawa a kan tebur.

Daren Laraba aka ɗauke kuran yana tsakiyar ɗauka.
Kiɗan ya sulale ƙasa kamar mai jin barci a tsaye.
Gajiya ta sa ya aika haka nan.
Ta amsa da safe: wannan shi ne mutuwar matar.

Sannan ta tambaya,
mene ne ke taka-taka-taka can ƙarƙashi?
Ya ba da haƙuri, ya ce maƙwabci ne, zai goge.
Ta ce in ya taɓa shi ta fasa aikin.

Bayan wata goma muka kalla a kan ordinatarsa,
ni da shi da Zuwaira mai awara, shayi na tafasa.
Tsohon ya shiga jirgin ƙasa da kofi guda a aljihu,
duwatsu na gudu ta taga,
kuma abin da ke jan jirgin nan
ƙafata ce.
Har na tuna ɗinkin: wandon lekol, kore,
na ɗan Barmu direba,
wanda har yau bai cika mini kuɗina ba.

Da sunaye suka hau, sun cinye masa harafi biyu,
ya zama Sairu.
Nawa babu.
Ya biya kontar wata shida shi kaɗai, ban yi musu ba.

Ya koma kiɗan biki, da murya, yadda ya saba.
Ni ne abin ya ɓata.
Yanzu in dare ya yi ina ɗinki
sai in kama kaina ina sauraren kaina,
in sassauta ƙafa,
in ƙara,
zare ya tsinke.
Ta bayan kwano Tsahiru ya ce,
"Maimaita wurin nan."